Ga Alhajin da ya auna Fiziks da kaurin littafi

To, tunda maganar ta riga ta zaga Agege, kuma tun ranar Asabar wayata ba ta huta ba da "Malam a yi haƙuri," bari in faɗi tawa. Haƙuri dai na yi, amma bakina ba zai rufu ba.

Alhaji, ranka ya daɗe, ka miƙe a taron iyaye ka ɗaga littafin ɗanka sama kamar mai gwanjo, ka ce shekara guda cur kana biyan kuɗi ga abin da aka ba ka: littafi ɗaya, shi ma bai cika ba, alhali ɗan maƙwabcinka ya cika uku. Aka tafa maka. Wani daga baya ya ƙara da cewa ai wasan lilo kawai muke yi a ajin. Madalla. Ashe Fiziks tumatur ne na kasuwar Mile 12, da kwando ake auna shi. Da an sanar da ni tun Satumba, ai da na huta. In miƙa wa monita littafi ya cika allo, yara su kwafe, ni in koma ofis in kaɗa shayi. Kafin Yuli kowa ya cika biyar, a ba ni lambar yabo.

Cika littafi ba sanin Fiziks ba ne. Zan maimaita har sai an gaji da ni.

Bari in gaya muku yadda wasan lilon ya kasance, tunda shi ne laifina. A zangon farko na shiga ajin SS2 da zare, da ƙusa, da duwatsu biyu, babba da ƙarami. Na tambaye su wanne zai fi saurin kai da komowa in an rataye su da zare mai tsawo ɗaya. Kusan duk ajin suka ce babban, har da masu rantsuwa. Muka auna zare mita ɗaya, muka ƙirga lilo ashirin da agogon waya: daƙiƙa 40 da ɗan ɗoriya. Muka sauya dutse. Daƙiƙa 40 da ɗan ɗoriya. Wata yarinya da ba ta taɓa buɗe baki a ajina ba ta ce, "Malam, wayarka ce ta lalace." Na miƙa mata ta auna da kanta. Sau uku ta maimaita, tana harara ta kamar na yi mata rufa-ido. Sannan ta gajarta zaren da hannunta, lilon ya ƙara sauri, ta yi shiru na ɗan lokaci, ta ce, "Ashe zaren ne, ba dutsen ba." A ranar suka lissafa ƙarfin jan ƙasa da kansu suka samu 9.7, littafi kuma yana cewa 9.8. Duk abin da suka rubuta a wannan darasin bai wuce rabin shafi ba, kuma ɗanka na cikin waɗanda suka riƙe zaren, Alhaji. Ka tashe shi da tsakar dare ka tambaye shi, zai gaya maka. Ka gwada tambayar mai littafi uku.

Na san abin da za a ce, don an riga an fara turo min. Wai WAEC ba ta tambayar lilo, a ba yara tsofaffin tambayoyi su haddace. Wanda duk ya faɗi haka bai taɓa tsayawa a ɗakin jarrabawar firaktikal ba. Takarda ce mai zaman kanta, maki 50, tambayoyi uku a amsa biyu, kuma kayan aiki ake ajiye wa yaro a gabansa: zare da ma'auni, gilashi da allurai, batir da wayoyi. Ni na ga ɗalibi da idona, ya haddace dokar Ohm ta lantarki kamar karatun sallah, an ba shi amita, na'urar auna wutar da ke bi ta waya, ya rasa ta inda zai jona ta, hannunsa na karkarwa, yana waige ko wani zai zo ceto. A ƙasan takarda kuma ya rubuta da kyakkyawan rubutu cewa ya kauce wa kuskuren faralaks, wato na karanta ma'auni ta gefe maimakon ido ya daidaita da shi. Ka tambaye shi mene ne faralaks, ko mutum ne ko gari, bai sani ba. Makarantu nawa ne ba sa buɗe akwatin kayan gwaji sai WAEC ta aiko da jerin abin da za a tanada, saura 'yan kwanaki? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wai kuma babu ɗakin gwaji, babu kuɗi. Wannan ma ku bar shi. Zare nawa ne? A zango na biyu da muka shiga darasin zafi, randa na sa aka ɗauko daga gidan wata ɗaliba, muka tsoma ma'aunin zafi a ciki, muka tsoma a bokitin roba da ke gefenta. Ruwan da ke tsatsowa ta jikin yumɓu yana busar da kansa, yana tafiya da zafi, na ciki ya yi sanyi. Da wannan dabarar Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Yaran ne da kansu suka gano dalilin da ya sa randar kakarsu a Kano ta fi ta nan sanyi: iskar Legas a jiƙe take, ba ta karɓar danshi kamar ta Arewa. Ban rubuta musu wannan a allo ba. Su suka faɗa, ni na gyaɗa kai.

Kuma wane ɗakin gwaji ne ya kai Legas? Duk yaron da ya taɓa shiga danfo direba ya taka birki goshinsa ya daki kujerar gaba, ya riga ya ɗanɗana dokar Newton ta farko, sunanta kawai ya rage a gaya masa. Jirgin ƙasa na wucewa ta Agege yana busa, ƙarar ta yi siriri in yana tahowa, ta yi kauri in ya wuce. Gadar Third Mainland mai kusan kilomita 12 tana da gaɓoɓin da taya ke bugawa kaf-kaf, an bar su ne don gadar ta samu wurin miƙewa in rana ta gasa ta. Da damina ta shigo muka tsaya a baranda muna ƙirga daƙiƙu tsakanin walƙiya da tsawa, kowace daƙiƙa uku kusan kilomita ɗaya, saboda sauti mita 340 yake ci a daƙiƙa. A zango na uku muka huda gwangwanin madara, muka ɗaure masa farar leda a baki, yara suka ga bishiyar makaranta a kife. Ibn Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira, ya yi bayanin wannan kusan shekara dubu da ta wuce, kuma da gwaji ya yi, ba da kwafar allo ba.

Yanzu bari in ajiye zolaya. Alhaji, na san inda maganarka ta fito. Na san kana fita tun asuba, na san kuɗin makaranta ba ganye ba ne, kuma mutum yana son ya ga abin da zai riƙe a hannu ya ce ga shi. Ni ma ban gama manhaja yadda nake so ba, wannan na amsa. Darasi minti 40 ne. Cire makon jarrabawa, cire hutun tsakiyar zango, cire makonnin da ake kwashe yara zuwa atisayen wasanni, cire ranakun da ruwa ya cinye hanya rabin aji bai iso ba sai goma ta wuce. Abin da ya saura dole malami ya zaɓa: ko ya bi ta kan komai a guje kamar ɗan acaɓa, ko ya tsaya a kan abin da zai zauna. Na zaɓi na biyu, kuma in Allah ya kai mu Satumba shi zan sake zaɓa. Ɗanka ya ce injiniyan lantarki yake son zama. Ranar da za a tsayar da shi gaban turansifoma babu wanda zai ce ya kawo littafinsa na SS2 a ƙirga shafuka.

Abin da ya fi ci min rai ma ba kai ba ne. Malaman da suka sunkuyar da kai suna murmushi ne, waɗanda suka san gaskiya amma littattafan ajinsu sun cika maƙil, don haka babu mai taɓa su. Ku ci gaba. Shekara mai zuwa ku sa a sayo mai shafi ɗari biyu.

Af, tunda na tuna. Wanda ya ari mitata ta awon wuta tun kafin azumi wai zai duba batirin solarsa, mai launin ruwan ɗorawa da aka naɗe wayarta ja da salatif, ya san kansa. Muna haɗuwa a masallaci kullum kana kawar da kai. Da kuɗina na saye ta a Alaba, ba ta makaranta ba ce, kuma da ita zan fara da 'yan SS3. Ka ba yaro ya kawo min gida, ba sai ka zo da kanka ba.