Man feptayid ba man bilicin ba ne

A kasuwar Wuse za ki ji mai shago yana cewa, "Hajiya, wannan mai feptayid ne, sati 2 kin yi fari tas." Zancen kasuwa ne kawai. Feptayid guntuwar sarƙar amino asid ce, tubalin da jiki ke gina furotin da shi. Irin su Matrixyl, wato feptayid da ake sakawa a man shafawa, aikinsu zaburar da fata ta ƙara yin kolajin, furotin da ke ba fata ƙarfi, wanda ke raguwa idan shekaru suka ja har tamoji ya fito. Tasirin ma ba yawa, kuma sai an yi watanni ana shafawa. In kuwa man ya haska ki cikin sati 2, ki yi zargin haidurokwinon ko sitiroyid, sinadaran da ake sakawa a man bilicin, aka zuba, ko da ba a rubuta a jikin kwalbar ba.