Nasiha Ga Masu Kallon Cin Zali A Makaranta

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan uwa ɗalibai da malamai da iyaye.

Tun kafin annabci, wani bafatake ɗan ƙabilar Zubaid ya kawo haja Makka daga Yaman. Al'as bin Wa'il, ɗaya daga cikin manyan Ƙuraishawa, ya karɓi kayan ya hana shi kuɗinsa. Baƙo ne, ba dangi, ba mai tsaya masa. Ya kai kuka wurin waɗanda yake ganin za su iya, suka kau da kai. Sai ya hau dutsen Abu Ƙubais ya ɗaga murya. Zubairu bin Abdulmuɗɗalib, baffan Annabi, ya ce wannan ba abin da za a bari ba ne. Aka taru a gidan Abdullahi bin Jud'an aka ƙulla alkawari cewa duk wanda aka zalunta a Makka, ɗan gari ne ko baƙo, za a haɗa hannu da shi har haƙƙinsa ya dawo. Wannan shi ne Hilful Fudul. Manzon Allah (SAW) ya halarta yana matashi, kuma bayan annabci ya ce ba zai so a musanya masa wannan alkawari da jajayen raƙuma ba, da za a kira shi zuwa irinsa a Musulunci da ya amsa.

Yaron aji ɗaya a makarantar kwana shi ne baƙon nan, sai dai shi ko dutsen da zai hau ba shi da shi. Ranar ziyara uwa ta kawo garin kwaki da sukari da ƙuli-ƙuli da ɗan dambun naman da ta kwana tana yi. Kafin motarsu ta fita ƙofar makaranta siniya ya aiko a kawo masa akwatin. Da asuba sai ya cika bokitin wani kafin nasa. Da dare, bayan an kashe fitila, tsallen kwaɗo. A makarantun 'yan mata sau da yawa ba a ma kai ga duka: laƙabi ne za a liƙa wa yarinya saboda in'ina ko fitsarin kwance ko don Turancinta bai nuna ba, a daina cin abinci da ita, a cire ta daga rukunin WhatsApp na aji. Allah Ya hana izgili da jifa da laƙabi a aya ta 11 ta Suratul Hujurat, ayar da yawancin yaranmu suka haddace a Islamiyya. Kada kuma mu ɗauka abin na boko ne kawai, a tsangaya ma ƙolo ya san hannun titibiri.

Rahoton UNESCO na 2019 ya nuna cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya abokan karatunsa sun ci zalinsa aƙalla sau ɗaya a cikin wata guda. Amma ni ba azzalumin nake son mu duba yau ba. A watan Afrilun 2024 bidiyon wata makarantar kuɗi a Abuja ya karaɗe intanet, ɗaliba tana ta marin 'yar uwarta ɗaliba. Kowa ya zagi mai marin. Kaɗan ne suka tambayi wanda ya riƙe wayar da waɗanda ke tsaye a gefe. Wasu masu bincike a Kanada sun ɗauki hoton filin wasan makarantun firamare a Toronto, suka wallafa sakamakon a 2001: a kashi 88 cikin 100 na lokutan cin zali akwai wasu yara a wurin, amma a kashi 19 kaɗai suka sa baki. In kuwa suka sa, a kashi 57 abin yakan tsaya cikin daƙiƙa 10. Mai cin zali 'yan kallo yake yi wa. Dariyar 'yan ɗaki ita ce ladansa, in aka hana shi ita sai jikinsa ya yi sanyi. A kan wannan fahimta Jami'ar Turku ta ƙasar Finlan ta gina shirin KiVa na yaƙi da cin zali a makaranta, wanda makarantun ƙasar suka rungume shi tun 2009. Cikin abin da suke yi, malami zai kira wasu 'yan aji da ake jin maganarsu ya ce su jawo wanda ake tsangwama jikinsu.

Mu da Manzon Allah (SAW) ya ce wa, kamar yadda Bukhari ya ruwaito daga Anas, "Ka taimaki ɗan uwanka, shi ne azzalumi ko shi aka zalunta," ai bai kamata sai mun je Turai koyo ba. Sahabbai suka ce wanda aka zalunta mun gane, azzalumin fa? Ya ce ka hana shi zaluncin, taimakonsa ke nan. To ɗan aji shida, abokinka da ke sa yaro durƙuso a kan tsakuwa yana jiran taimakonka, ko da bai sani ba.

Za a ce maka wasa ne. Abu Dawuda ya ruwaito cewa a wata tafiya wani sahabi ya yi barci, wani ya ɗauke masa igiya, ya farka a firgice, sai Manzon Allah (SAW) ya ce bai halatta Musulmi ya tsorata Musulmi ba. Igiya fa, ba belet ba. Za a kuma ce haka aka yi mana muna ƙanana. To wanda ya yi maka shi za ka riƙe ranar ƙiyama, wannan yaron me ya ci maka?

Abin da ya fi rufe bakin yara shi ne tsoron a kira su 'yan rahoto ko munafukai. Ya kamata malaman addini su warware musu wannan. Annamimanci shi ne kai magana don a ɓata tsakanin mutane. Kai ƙarar zalunci wurin wanda zai iya hana shi daban ne. Allah Ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 148, ba Ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta, kuma malamai irin su Imam Nawawi sun ƙirga kai ƙara da neman taimakon kawar da ɓarna cikin wuraren da ambaton laifin mutum bai zama giba ba.

Ba a rasa inda za a fara ba. Kusan kowace sakandare tana da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS, suna da amir, suna da ta'alimi bayan magariba. Su ƙulla nasu alkawarin. Kowane ɗaki a samu manya biyu ko uku da aka yarda da halinsu, kowane sabon ɗalibi a haɗa shi da ɗaya daga cikinsu, ba don ya yi masa wanki ba, don ya san wurin wanda zai je. Alkawarin ya haɗa da yaron da ba Musulmi ba da wanda ba ya jin Hausa. Wanda ba zai iya tunkarar siniya ba, ya ƙi yin dariya, ya ƙi tura bidiyon, ya je ya zauna kusa da wanda aka ware a ɗakin cin abinci.

Ku kuma malamai, duk wannan zai rushe ranar da kuka kira sunan wanda ya kawo ƙara a gaban asambuli, ko kuka zane siniya da rana kuka mayar da su ɗaki ɗaya da dare. A canza wa ɗayansu wurin kwana, a kira iyaye, bayan mako biyu a sake kiran yaron shi kaɗai a tambaye shi ko an daina.

Iyaye, in kun ce "lafiya dai ko?" zai ce lafiya lau, ko da kuwa bayansa duk shatin bulala ne. Ku tambaye shi da wa yake cin abinci, wa ke ɗebo wa wa ruwa, ina takalmin da aka saya masa farkon zango. Wanda ɗansa ke aji shida kuma, in ya dawo hutu da agogo ko bokitin da ba ku kuka saya ba, ku tambaye shi na wane ne.