Ɗan Wasan da Ya Ajiye Ƙwallo Ya Ɗauki Usur: Nasiha ga Matasan Ƙwallon Kwando

'Yan'uwana matasa masu buga ƙwallon kwando, ranar da gwiwa za ta ce ta gaji tana nan tafe, kuma mafi yawanku ba ku tanadi komai ba sai burin zama koci. Akwai wata ƙofa da kuke rainawa, ita ce alƙalanci. Sai dai ku cire wa ranku cewa don mutum ya iya wasa, usur zai zauna masa a baki.

Ku dubi Haywoode Workman na Amurka. Ƙungiyar Atlanta Hawks ta ɗauke shi a 1989, ya yi kaka takwas a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ya buga a Italiya da Isra'ila. A 1994 shi ne mai raba ƙwallo a Indiana Pacers lokacin da suka kai wasan ƙarshe na yankin Gabas suka kara da New York Knicks. Raunin gwiwa ya cinye masa lokaci mai tsawo, daga baya ya ajiye wasa. Da ya nufi alƙalanci, ba wanda ya ce masa ga kujera don ka taɓa yin suna. Ƙananan gasanni ya koma, ya shekara da shekaru yana busa usur a inda 'yan kallo ba su cika benci ba, sai a 2008 NBA ta ɗauke shi, yana da shekara 42. Kafin shi 'yan ƙalilan ne suka taka wannan hanya, irin su Bernie Fryer, da Leon Wood wanda ya ci lambar zinare tare da Michael Jordan a gasar Olamfik ta 1984, ya zama alƙali a 1996. Cikin dubban da suka buga NBA, ku tsaya ku tambayi kanku me ya sa suka yi kaɗan haka.

Dalili na farko ido ne. Ɗan wasa tun yana yaro ƙwallo aka koya masa bi. Alƙalin da ke bin ƙwallo kuwa kullum a makare yake ganin keta, ya ga faɗuwa bai ga abin da ya jawo ta ba. Shi ya sa abin da ake fara dasa wa sabon alƙali shi ne ya kafa ido kan mai tarewa. In mai ƙwallo ya taho a guje ya yi karo da shi, tambayar ita ce: mai tarewar ya riga ya kafa ƙafa biyu a ƙasa yana fuskantarsa kafin karon? In ya riga, kuma ƙirjinsa aka daka, laifin na mai ƙwallo ne. In ya shigo masa hanya a makare, nasa ne. Wanda bai ga tsayuwar tun farko ba, cinta kawai zai yi, kuma cinta a wannan wuri ita ke tayar da rigima. Ga kuma rabin da'irar nan ta ƙarƙashin kwando, mita 1.25 a dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ƙafa huɗu a NBA, wadda ke sauya hukuncin karo idan mai tarewar da ya kawo ɗauki yana tsaye a cikinta.

Sai matsayi. Alƙalai uku ne a fili: ɗaya a layin ƙarshe bayan kwando, ɗaya a bayan masu kai hari, ɗaya a ɗaya gefen daidai layin jifan kyauta. Kowa da yankinsa. Tsohon ɗan wasa, saboda jininsa ya saba da shiga ko'ina, yakan busa abin da ya faru a yankin abokin aikinsa daga nesa, ya bar nasa yankin babu ido, a can kuma ake jan riga da dukan gwiwar hannu. Ka tsaya inda kake hango tazarar da ke tsakanin 'yan wasa biyu. In bayan wani ya rufe maka, taku ɗaya ko biyu za ka gusa.

Doka kuma karanta ta ake yi, ba a gadonta daga filin unguwa. Daƙiƙa 24 na jifa, 8 na tsallake rabin fili, 5 na shigo da ƙwallo, 3 na zama a akwatin da aka shata a ƙarƙashin kwando, kowa ya haddace. Amma mu a nan dokar FIBA muke bi: zango minti 10, keta biyar ka fita. NBA da kuke kallo da tsakar dare zangonta minti 12 ne, keta shida. A FIBA, da zarar ƙwallo ta taɓa zobe kana iya doke ta. A NBA muddin tana saman zoben ba ka da wannan izini. Abin takaici ne ka ga matashi ya ɗauko dokar talabijin yana yanke wa mutane hukunci da ita. Alamun hannu ma sai an maimaita su gaban madubi: dunƙulen hannu sama keta ce, buɗaɗɗen tafi saɓa doka ce. Sannan ka je inda teburin masu rubuta sakamako ke ganinka, ka tsaya cak, ka nuna lambar ɗan wasa, irin ketar, da hukuncinta. Mai yin haka yana tafiya, shi ke sa a rubuta wa wani laifin wani.

Abu mafi nauyi shi ne mutane. Za ka busa wa wanda kuka kwana ɗaki ɗaya a sansani, da kocin da ya raine ka. Za su kira ka da sunan da suka saba, suna jiran ka kau da kai. In ka sassauta musu ka ci amana, in ka tsananta don a ce ba ka da son kai, nan ma zalunci ne. Ku gaisa kafin wasa a gaban kowa, a taƙaice, kada ka karɓi ko kuɗin mota daga wata ƙungiya. Caca kuwa ko kusa. Tim Donaghy ya yi kaka 13 yana alƙalanci a NBA, a 2007 asirinsa ya tonu kan caca a wasanni, aka yanke masa ɗaurin wata 15. Yau da cacar ke cikin wayar kowa, jarrabawar ta fi kusa da ku.

Mai son farawa ya nemi ƙungiyar ƙwallon kwando ta jiharsa ya tambayi kwas ɗin alƙalai, ya karɓi wasannin makarantun sakandare ba tare da jin ya wuce nan ba. Ya ci gaba da gudu, domin FIBA na gwada alƙalanta da zirga-zirgar mita 20, kuma alƙali ba shi da canji. Ya sa a ɗaukar masa wasan a waya, da dare ya zauna da takarda ya bi kowace busa: ina yake tsaye, wa yake kallo, me ya wuce shi.