Don Allah a daina yi wa masu karatun kimiya jaje

Shekaranjiya da daddare 'yar yayata ta kira ni ta WhatsApp daga Gadarif a gabashin Sudan tana kuka, ni na ɗauka ma rasuwa aka yi, ashe sakamakon shiga jami'a ne ya fito, ba ta samu likitanci ba, ba ta samu haɗa magunguna ba, kulliyar ulum wato tsangayar kimiyya aka ba ta kuma kimiya za ta yi. Ta ce min Kawu tun safe mata ke shigowa gidanmu suna ce wa Umma a yi haƙuri, haka Allah Ya rubuta. Wallahi abin ya tsaya min a rai, yarinyar da yaƙi ya hana ta zana jarrabawar shahada, wato ta gama sakandare, a kan lokaci, ta yi karatu da fitilar waya a ɗaki ɗaya da mutum tara, ta ci, ta samu jami'a, amma wai jaje ake zuwa yi.

Ga 'yan'uwanmu na Najeriya da Nijar da ke karantawa, mu nan Sudan in mun ce kimiya muna nufin abin da kuke cewa kemistiri ko ilimin sinadarai, ba duka kimiyya ba. Ita na karanta a Khartum, kuma ni ma da irin wannan jajen na shiga. Goggona Allah Ya jiƙanta ta tambaye ni to in ka gama me za a riƙa kiranka, dakta ko muhandis, wato injiniya? Na rasa amsar da zan ba ta, don a lokacin ni kaina ban sani ba.

Shekarar farko ba daɗi, ba zan ɓoye wa kowa ba. Lissafi ne da fiziya suka fi yawa, wanda ya gudo kimiya don yana tsoron lissafi to ya tarar da shi yana jiransa a bakin ƙofa, sai ka zauna ka gane mene ne mol, wato ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari, me ya sa ake ƙirga ƙwayoyin abu da wannan lamba ta Abogadro, shida da ɗigo sifili biyu biyu sau goma mai hawa 23, sai ka iya daidaita lissafin haɗuwar sinadarai ba tare da ka duba littafi ba. Daga baya abin ya rabu gida huɗu, udwiyya wato sinadaran da aka gina kan kabon, da wadda ba udwiyya ba, da ta fiziya, da ta tahlili wato gano abin da ke cikin abu da kuma yawansa. Ni ta tahlilin nan ce ta kama ni, kuma na san ranar da ta kama ni.

Muna ma'amal, wato ɗakin gwaji, an ba mu ruwan asid a kwalba ba mu san ƙarfinsa ba, aka ce mu gano. Ka ɗiga masa fenoftalin, sinadarin da ke canza launi in asid ya ƙare, ɗigo biyu, ruwan yana nan fari tas kamar na sha, sai ka buɗe famfon buret, wato dogon bututun gilashi mai awo, ruwan soda irin ta sabulu yana sauka a hankali kana juya kwalbar da hannun dama, hagu na kan famfo, wani ja-ja yana bayyana yana ɓacewa, yana bayyana yana ɓacewa, zuciyarka na bugawa don ka san saura kaɗan, can sai digo ɗaya tak ya sauka ruwan gaba ɗaya ya koma ruwan hoda mai haske ya tsaya a haka. Ka karanta lamba, ka yi lissafi, ka faɗi ƙarfin abin da idonka bai gani ba, malami ya duba takardarsa ya ce daidai. Na fita ranar nan hannuna na warin sinadari, ƙafafuna sun gaji da tsayuwar awa huɗu, amma tun daga nan ban sake jin cewa ragowa aka ba ni ba.

Abin da ya ɓata min rai a karatun shi ne irin wannan ranar ba ta da yawa. Mu takwas a kan buret ɗaya, mutum biyu su taɓa shida su kalla, wasu sinadaran sun wuce wa'adinsu tun kafin mu shiga jami'a, wasu na'urorin kuma a hoto muka san su har muka gama. Sai abin ya koma hadda, a haddace takardun malami a juye masa a jarrabawa a manta. Na san waɗanda suka fita da sakamako mai kyau amma in ka ce su haɗa maka ruwan gishiri mai ƙarfi kaza sai hannunsu ya kama rawa, kuma ba laifinsu ba ne, ba a bar su sun taɓa ba. Ga matsalar harshe, tun 1990 da aka mayar da karatun jami'a zuwa Larabci ana koyar da mu da Larabci, manyan littattafan kuma da takardun da ke jikin kwalaben duk da Turanci suke, mu kuma a gida Hausa muke yi, sai mutum ya zama yana ɗauke da suna uku na abu ɗaya. Duk wanda zai shiga ya gyara Turancinsa tun shekarar farko, kar ya jira sai ya zo rubuta bahasin kammalawa.

To amma ku zo mu duba rayuwar mutanenmu, ina ne babu kimiya a ciki?

Samarinmu nawa ne suka tafi dahab, wato zinare? Daga Mai Wurno, daga Damazin, daga Kasala, kowane gida akwai wanda ya tafi haƙar zinare ko ya dawo. Na taɓa zuwa kasuwar dahab wajen wani ɗan unguwarmu, na ga yadda suke yi, a niƙa dutse a zuba a kwano da ruwa a zuba zaiba ana cuɗawa da hannu tsirara, zaibar ta kama zinaren, a matse a tsumma, sannan a ɗora dunƙulen a kan wuta zaibar ta tashi zinaren ya rage. Yaron yana durƙushe fuskarsa a kan hayaƙin yana jira ya ga abin ya yi rawaya, mai shayi na gefe, wani na cin wake da burodi. Zaiba tana tafasa a digiri 357, amma tun ba a kai nan ba tana tashi, tururinta ba launi ba wari, huhu ya shaƙa ya kai ta jini ta tafi ƙwaƙwalwa da ƙoda, shi ya sa za ka ga mutum ya dawo hannu na karkarwa, ga mantuwa ga saurin fushi, a ce iska ce ko an yi masa sammu. A Minamata ta ƙasar Japan a 1956 aka gane irin ɓarnar da zaiba ke yi wa mutane, har yarjejeniyar duniya ta 2013 kan zaiba sunan garin aka sa mata, kuma mun ji abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ita ma wajen niƙan dutsen zinare ne. Akwai ɗan murhu da ake haɗawa da bututun ƙarfe, yana kama tururin ya sanyaya shi zaibar ta dawo ruwa a sake aiki da ita, ba tsada, har kuɗi yake rage musu. Wa zai zauna da yaran nan ya yi musu bayani da Hausa su yarda? Likita sai bayan cutar ta kama yake ganinsu.

Sai ruwa. Lokacin da yaƙi ya tashi a Afrilun 2023 muka bar Khartum, muka ƙare a gabas, a makarantar da aka sauke mu an fi gida arba'in a kan tanki biyu. Da kwalara ta ɓarke a daminar 2024 aka raba mana ƙwayoyin kulorin, mutane suna jefawa a ruwa jajir mai laka suna sha nan take, wasu kuma sun ƙi wai yana hana haihuwa. Na tara matan a gindin bishiya da bokiti biyu, na nuna musu in ruwa na da dauɗa kulorin ɗin a kan dauɗar yake ƙarewa bai kai ga ƙwayar cutar ba, dole sai ruwan ya kwanta tukuna, da alif in akwai, in babu a daka 'ya'yan zogale a zuba a juya, lakar ta dunƙule ta sauka ƙasa, a tace, sannan a sa kulorin a rufe a jira rabin awa. Wata tsohuwa ta ce ai ɗana haka iyayenmu ke yi da zogale a bakin Nilu, na ce mata Inna gaskiyarki, abin da na ƙara kawai shi ne na san dalili, kuma na san zogale kaɗai ba ya kashe cutar. Ban taɓa jin amfanin shekarun da na yi ina tsaye a ma'amal ba kamar a wannan makarantar.

Ga ƙaro, Sudan ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi, ana tsinko shi a Kurdufan da Gadarif da Nil Azrak, yawanci a loda shi ɗanye a Bur Sudan, can waje a tace a mayar da shi gari ya shiga lemon kwalba da alawa da magani. Ga masu sabulu a gida da ke zuba soda da ka, sabulun ya fito yana cin hannu. Ga mayukan shafawa da ake haɗawa a sayar wa 'yan matanmu ba wanda ya san abin da ke ciki.

Maganar aiki kuwa ba zan yi wa yarinyar nan ƙarya ba, da wuya. Kafin yaƙi ma yawancinmu koyarwa muka shiga, wasu suka samu ɗakunan gwaji a kamfanonin sukari irin su Kenana, ko matatar mai ta Jaili, ko masana'antun magani na Bahri, ko hukumar ruwa da ta duba ingancin kaya, yanzu kuma da yawa daga wuraren nan yaƙi ya taɓa su. Wasu abokaina suna Saudiyya suna aiki a wuraren tace ruwan teku da kamfanonin abinci. Albashin bai kai yadda iyaye ke mafarki ba. Amma likitocin ma da muke gani ai suna shan tasu wahalar, kuma duk ranar da aka tashi gyara ƙasar nan sai an nemi mai gwada ruwa da ƙasa da magani da abinci, ni dai ina so a samu namu a cikinsu, masu jin yaren mutanen da abin ya shafa. Kuma ilimin nan ba baƙo ba ne a wurinmu, sunan ma daga Larabci Turawa suka ɗauka, Jabir bin Hayyan da Arrazi sun yi aiki a kansa shekaru kusan dubu kafin Mendeliyef ɗan Rasha ya jera teburinsa na sinadarai a 1869.

Na ce wa 'yar tawa ta share hawaye ta shiga kicin ta jiƙa karkade, wato zoɓo, ta raba kofi uku, ɗaya ta bar shi haka, ɗaya ta matsa lemon tsami, ɗaya ta zuba ruwan kanwa. Jiya da safe ta turo min hoto, na lemon ya ƙara ja, na kanwar ya juye ya yi duhu yana ɗaukar kore, a ƙasa ta rubuta Kawu me ya sa? Na ce mata a shekara ta biyu za a yi muku shi dalla-dalla, amma in kin samu netwok bayan isha ki kira ni mu fara. Farar rigar ma'amal ɗinta kuma na riga na gaya wa uwarta ni zan saya.