Nonon farko ba gurɓatacce ba ne

A gidaje da dama, mace na haihuwa sai kaka ko ungozoma ta ce a matse nonon farko a zubar, wai ba shi da kyau tunda ga shi rawaya, ga kauri. Kafin farin nono ya kawo, sai a riƙa ɗura wa jinjiri ruwan zuma ko madarar akuya.

Wannan dakashin da ake zubarwa kuwa shi ne kariyar farko da jariri ke samu. Yana ɗauke da sinadaran garkuwar jikin uwa masu kare shi daga gudawa da sauran cututtuka, ga bitamin A. Yana kuma taimaka masa ya fitar da baƙin kashin nan na farko, abin da ke rage shawara. Ƙarancinsa kada ya tayar wa kowa hankali, cikin ɗan kwana ɗaya bai fi ya ɗauki kamar ƙaramin cokali ba a lokaci guda.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa jariri a nono cikin awa 1 da haihuwa, a ci gaba da nono zalla har wata 6, ko ruwa ban da shi. Tsotson ne ma ke sa nonon ya kawo da wuri. Zuma kuwa haɗari ce ga duk yaron da bai cika shekara 1 ba.