Kofin Toronto ba na aro ba ne

Jiya da dare a fadarmu ta Zango muna kan shayi na biyu gardamar baske ta kaure, wani ƙanenmu ya kafe wai kofin NBA, babbar gasar basken Amurka, da Toronto Raptors ta ɗauka a 2019 kofin aro ne, sun aro Kawhi Leonard na shekara ɗaya, Kevin Durant da Klay Thompson na Golden State, ekip ɗin da suka kara da ita a final, suka ji ciwo, sai kofi ya faɗo musu a cinya. Hayaniya ta yi yawa ban samu na ba shi amsa yadda nake so ba, kuma wallahi maganar ta kwana tana cina. To ƙanena ga amsarka nan, ka karanta har ƙarshe kafin ka yi mini raddi.

Duk wanda zai ce aro, bai san daga inda ekip ɗin nan ta fito ba. A 1995 ta fara wasa, ita da Vancouver Grizzlies, su biyu kacal daga Kanada, ƙasar da wasan ƙanƙara ne a jininsu kamar yadda kokowa take a jininmu. Kakar farko wasa 21 suka ci aka doke su 61, amma cikin 21 ɗin nan har da Chicago Bulls ta Michael Jordan, a shekarar da Bulls ta ci 72 ta faɗi 10 kawai. Bayan shekara 2 abin ya ƙara lalacewa, 16 suka ci a kaka guda. Ita Vancouver ma ba ta jure ba, 2001 ta tattara ta koma Memphis, aka bar Toronto ita kaɗai a wajen Amurka har yau.

Vince Carter ne ya fara fitar da su kunya. Ya zo 1998, kuma wanda bai taɓa kallon gasar dankin 2000 ba ya sayi forfe ya nema, mutum ya tashi sama ya zura hannu cikin kwando har gwiwar hannu ya rataye. A 2001 suka kai wasa na 7 da Philadelphia ta Allen Iverson, ƙwallon ƙarshe a hannun Carter, ya jefa ta ƙi shiga, 88 da 87 aka tashi. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa. Daga nan sai ciwon da ya daɗe yana damunsu ya bayyana: ba mai son zama. Tracy McGrady ya tafi Orlando tun 2000, Carter ya matsa sai da aka tura shi New Jersey a ƙarshen 2004, Chris Bosh ya tafi Miami ya haɗu da LeBron James a 2010. Sanyi, haraji, ƙetare iyaka kullum da fasfo, kowa da dalilinsa. Hakeem Olajuwon ya yi kakarsa ta ƙarshe can, amma lokacin ƙarfi ya riga ya tafi. Ko maki 81 na Kobe Bryant a wasa ɗaya a Janairun 2006, a kansu ya zuba su. Haka aka san su, wurin da ake zuwa a yi suna a kansu a wuce.

Sai 2013, aka miƙa ragamar ekip ɗin ga Masai Ujiri. Nan ne ni abin ya zama nawa. A Ingila aka haife shi, babansa ɗan Najeriya mamansa 'yar Kenya, amma a Zariya ya tashi. Zariyar nan dai da ka sani, ka ɗauki mota ka bi ta Matamaye ka faɗa Daura, Kano, kafin dare kana can. Ba Bahaushe ba ne, ban ce ba, amma hunturun da ke fasa mana leɓe shi ya fasa masa, ƙurar da muke sha ita ya sha, a can ya fara taɓa ƙwallon kwando bayan ya fara da balo kamar kowane yaro a nan. Bai taɓa buga NBA ba. Ya yi yawon wasa a Turai, da ya daina sai ya shiga aikin farautar 'yan wasa wa Orlando ba albashi, da kuɗin aljihunsa yake yawo. Daga nan Denver, ya hau har ya zama shi ke riƙe da ekip, aka ba shi kyautar shugaban da ya fi kowa a 2013. Wannan mutumin ake cewa sa'a ce ta kai shi?

Shekara 5 ya yi yana gini a kan Kyle Lowry da DeMar DeRozan. Kowace shekara suna shiga wasannin fitar da gwani, jama'a na cika dandalin da ke gaban filin wasa suna kallo a babban allo ko ana ruwa. Amma akwai dutse a hanya, LeBron James da ekip ɗinsa ta Cleveland. 2016 ya fitar da su, 2017 ya share su 4 da babu, 2018 suka ci wasa 59 suka zo na ɗaya a ɓangaren gabas na gasar, ya sake share su 4 da babu. A nan ne Masai ya yi abin da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi: ya sallami koci Dwane Casey a shekarar da aka zaɓe shi kocin da ya fi kowa, ya ɗora mataimakinsa Nick Nurse, sannan a watan Yuli ya ba San Antonio DeRozan ya karɓo Kawhi da Danny Green. Kawhi da wasa 9 kawai ya buga a kakar da ta wuce saboda ciwo, kuma saura shekara ɗaya kwantiraginsa ya ƙare.

Gaskiya ɗaya ce, maganar DeRozan ta yi mini zafi kuma har yanzu ban gama yafewa ba. Babban ɗan wasa ne da ya ce nan ne gida, ya sa hannu ya zauna lokacin da kowa ke gudu, shekara 9 yana musu bauta. A tarbiyyarmu wanda ya riƙe ka da amana ba ka sayar da shi. Wannan ban da abin cewa, in ƙanena ya kama ni a nan ya kama. Amma zafin abu daban, aro daban. Mai aro ba ya biya, su kuwa sun biya da abin da suka fi so.

Kuma ku dubi waɗanda suka ɗauki kofin nan. A zaɓen sababbin 'yan wasa da ekip-ekip ɗin NBA ke yi duk shekara, cikinsu kaf ba wanda aka zaɓa cikin 14 na farko a shekararsa, Kawhi da kansa na 15 ne. Lowry na 24, Serge Ibaka ɗan Brazzaville na 24, Marc Gasol na 48, Fred VanVleet kuwa ba ekip ɗin da ta kira sunansa a 2016, Toronto ce ta ɗauko shi daga baya. Sai Pascal Siakam, yaron Douala a Kamaru, wanda babansa ya kai makarantar koyon limancin coci, bai kama baske da gaske ba sai da ya kusa 18, babansa ya rasu a hatsarin mota yana Amurka yana karatu. Na 27 suka ɗauke shi mutane na tambaya wane ne wannan. Bayan shekara 3 ya zuba maki 32 a wasan farko na final a gaban Draymond Green, gwanin tsaron Golden State. Wa ya aro musu Siakam? Ido ne, idon wanda ya san akwai zinariya a inda wasu ba sa tsayawa su duba.

Daren 12 ga Mayu 2019 ba zan manta ba, cikin azumi ne. Wasa na 7, kuma da Philadelphia ɗin nan dai ta 2001. Sha biyun dare aka fara a agogonmu, mu shida a ɗakin wani abokinmu a Sabon Gari mai Canal+, zafin Mayu na Damagaram kowa ya san shi, muna ta roƙon Allah kar a ɗauke wuta. 90 da 90, saura sakan 4 da 'yan kai. Kawhi ya karɓa ya zagaya har kusurwa, Joel Embiid da tsawonsa duka ya miƙa hannu, ya jefa ta samansa, ƙaho ya busa ƙwallo na iska. Ta daki ƙarfe sau ɗaya, biyu, uku, huɗu, sannan ta faɗa. Ihun da muka yi sai da maigidan ya fito da tocila ya ɗauka ɓarawo aka kama. Shekara 18 tsakanin ƙwallon Carter da ta ƙi da wannan da ta yarda. Ban koma barci ba har aka yi sahur.

Bayan nan Milwaukee ta Giannis ta ci su wasa 2 na farko, kowa ya ce an gama, suka jera 4. Durant da Klay ba su cikin wannan lissafin ko? Embiid lafiyarsa ta isa ya buga wasa 7, Giannis shi ne gwanin kakar gaba ɗaya. Eh, Golden State ta yi rashin sa'a, Durant jijiyar dunduniya ta tsinke a wasa na 5, Klay gwiwa a na 6, ba wanda ya ji daɗin haka. Amma ciwo cikin wasa yake. OG Anunoby na Toronto ma ko minti ɗaya bai buga ba a duk wasannin saboda tiyatar da aka yi masa, ban ji mai kawo wannan ba. Kuma wasa 3 suka ci a gidan Golden State, har da na ƙarshe, 114 da 110, ranar 13 ga Yuni, mu nan gab da kiran asuba. Karo na farko da kofin NBA ya bar ƙasar Amurka.

Kawhi ya tafi Clippers bayan wata ɗaya, haka ne. To ekip ɗin aro in mai kaya ya karɓi kayansa ai tsirara ake barinta. Su kakar da ta biyo baya suka ci 53 suka faɗi 19, Nurse ya zama kocin shekara, Siakam ya shiga wasan taurari. Daga baya ne abin ya sauka, korona ta sa suka yi kaka guda a Tampa ba gida, Lowry ya tafi, VanVleet, OG, Siakam duk suka watse, Masai kansa ya bar kujerar a 2025. Yanzu Scottie Barnes ake kallo.

Abin da ya sa na zafafa haka, tun 2003 Masai yake zagaya Afirka da ƙungiyarsa Giants of Africa yana tara yara yana gina filaye, don ya san Siakam ba shi kaɗai ba ne. Mu fa? Ka tsaya bakin kasuwar Dole da yamma ka ƙirga dogayen samarin da ke wucewa a kan kabu-kabu, wasu sai sun sunkuya za su shiga shago, ba wanda ya taɓa miƙa musu ƙwallo. Filin da muke bugawa a unguwarmu siminti ya farfashe, kwando ɗaya ya karkace tun damina, raga kuwa an manta kamanninta, 'yan mata ma da ke son wasan ba su da lokacin da aka ware musu. Mai walda ya ce jika 15 zai gyara ƙarfen ya ƙara masa ƙafa. Na sa jika 3, abokina mai Canal+ ya sa 2. Ƙanena, kai da sauran 'yan fada ina jiran naku kafin Asabar, da la'asar za mu kai masa.