Kafin a ɗauki ɗalibin zanen gine-gine, a fara ganin zanensa

Duk wanda ya nemi gurbin karatun zanen gine-gine a Najeriya, sannan ya ga yadda ake neman irinsa a Ingila, inda nake zaune nake aiki a wannan fanni, zai lura cewa ƙasashen biyu ba tambaya ɗaya suke yi wa yaro ba. A gida ana tambayarsa maki nawa ya ci. A nan ma ana duba makin, sai dai ba a tsayawa a kansa, dole ya nuna abin da ya zana ko ya ƙera da hannunsa. Ina ganin rashin wannan tambaya ta biyu yana sa mu rasa yara masu baiwa, yana kuma jefa wasu cikin karatun da ba su san irinsa ba sai bayan sun shiga. Duk da haka ba na goyon bayan a kwaso tsarin Ingila ɗungurungum, domin shi ma yana da nasa rashin adalcin.

Hanyar gida sananniya ce. Yaro zai kawo kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi da Fiziks, sannan ya zauna jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978, inda zai amsa Turanci da Lissafi da Fiziks da wani darasi guda kamar Kemistiri ko Labarin Ƙasa, duka a kan maki 400, kuma duka tambayoyin zaɓi ne a kwamfuta. Daga nan sai tantancewar jami'a. A mafi yawan jami'o'inmu, tun daga sayen fom har fitowar sunaye babu wanda zai miƙa masa fensir da takarda. Shi ya sa ake samun yaron da ya ci maki mai yawa, wani lokaci ma aikin likita ko injiniya ya nema aka turo shi wannan sashe, ya shiga ɗakin zane ya tarar da karatun da ba a haddace shi: ana so ya kalli abu ya zana, ya yanka kwali ya haɗa samfurin gini, ya kwana a kan allon zane, da safe malami ya ce a sake daga farko. Wasu suna jurewa su zama gwanaye, wasu kuwa shekara huɗu suke yi suna neman wanda zai zana musu. A can gefe kuma akwai yaron da tun yana firamare yake cika bayan littafinsa da zanen gidaje da motoci, amma maki kaɗan a Fiziks ya hana shi ƙetare ƙofar, kuma babu wanda ya taɓa sanin abin da sashen ya rasa.

A Ingila ana nema ta hukumar UCAS, wadda ke ba mutum damar zaɓen kwas har biyar, tare da rubutaccen bayani a kan dalilinsa na son karatun, wanda ba ya wuce haruffa 4,000, da takardar shaida daga malaminsa. Makarantu da dama ba sa tilasta Fiziks. Abin da suka fi nauyayawa shi ne kundin zane-zane, wasu kuma su haɗa da ganawa ido da ido. Jami'ar Kambirij tana ƙara gwajin zane a lokacin tantancewa. Abin da ya fi ba mutanenmu mamaki shi ne ba taswirar gida ake nema a cikin kundin ba, domin wannan ita za a koya maka. Ana so a ga ko yaro yana kallon duniya da kyau: yadda ya zana hannun tsoho, ko matakalar bene, ko inuwar bishiya a jikin bango, da abin da ya sassaƙa ko ya ɗinka ko ya haɗa da waya da katako, da littafin gwaje-gwajensa wanda ke nuna inda ya fara, inda ya kauce, da yadda ya dawo kan hanya. A wurin ganawar sukan ɗauki shafi ɗaya su tambaye shi me ya sa ya yi haka bai yi haka ba.

Wannan tsari yana gano baiwa, amma yana kuma gano gata. Kundi mai kyau yana buƙatar malamin zane da ya san abin da makarantun ke so, da kayan aiki, da lokaci, da iyayen da ba za su ce ɓata lokaci ake yi ba. Ɗan makarantar kuɗi yana da duk waɗannan, ɗan ma'aikacin kanti kuwa sau da yawa ba shi da ko ɗaya, kuma masu sana'ar a nan su kansu suna kuka da cewa 'ya'yan masu hali sun fi yawa a cikinta. Idan muka ce kowane yaro a Najeriya ya turo kundi, ina da yaƙinin kafin shekara ta zagayo za a sami masu sayar da shi a bakin ƙofar jami'a. JAMB, duk da matsalolinta, tana zaunar da ɗan manomi da ɗan minista a gaban tambaya iri ɗaya, kuma wannan ba abin yarwa ba ne.

Abin da nake ganin ya dace da mu shi ne gwajin zane na yini ɗaya a cikin tantancewar da jami'o'i suka riga suke yi. A zaunar da masu nema a zaure ɗaya, a ba kowa takarda da fensir iri ɗaya, a ajiye kujera ko tulu a gabansu a ce su zana, a ce su zana ɗakin da suka kwana a ciki kamar an cire rufinsa ana leƙowa daga sama, a ba su kwali a ce su naɗe shi ya tsaya da kansa ya ɗauki nauyin littafi. Malaman sashen su duba ba tare da ganin suna ba. Ba kyawun zane ake aunawa ba, ana duba ko ido yana gane tsawo da faɗi da zurfi, ko kuma hankali yana iya juya abu a cikin kai. Indiya, wadda ta fi mu yawan jama'a nesa ba kusa ba, tana da jarrabawar NATA ta musamman ga masu neman wannan karatu, saboda haka yawan ɗalibai ba hujja ba ce.

Idan an shiga, tsawon tafiyar kusan ɗaya ne. A gida digiri na farko shekara huɗu ne, ko biyar a jami'o'in fasaha, sai digiri na biyu, da bautar ƙasa, da aiki a ƙarƙashin ƙwararre, da jarrabawar ƙwarewa, kafin ARCON, hukumar rajistar masu zanen gine-gine ta Najeriya wadda dokar 1969 ta kafa, ta yi wa mutum rajista. A nan mataki na farko shekara uku ne, na biyu shekara biyu, da aƙalla wata 24 na aiki a ofis, sai jarrabawar mataki na uku, jimilla shekara bakwai ga wanda bai tsaya ba. Kamannin yana da asali, domin makarantarmu ta farko, wadda aka buɗe a Ibadan a 1952 aka mayar da ita Zariya a 1955, ta kuma shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, a kan tsarin Ingila aka gina ta.

Bambancin yana cikin ɗakin zane. Ɗalibin gida yakan fito ya san ginshiƙi da rodi da kankare, ya iya fitar da zanen da birkila zai karanta ya yi aiki da shi, kuma horon sanin makamar aiki yana kai shi filin gini tun yana makaranta. Na ga waɗanda suka gama mataki na biyu a nan, masu iya fitar da hoton gini mai ɗaukar ido da bayani mai daɗin ji, waɗanda ba su taɓa tsayawa sun ga ana zuba harsashi ba. A wannan fuska kada ɗan gida ya ji ƙasƙanci ko kaɗan. Inda suka fi mu shi ne yawan ɗalibai a hannun malami guda bai kai namu ba, malaman da yawa suna da ofisoshinsu suna gini a zahiri, akwai ɗakin ƙira da injinan yanka katako da kwali, kuma ranar da ɗalibi ya manna aikinsa a bango ana sa ran ya yi gardama da masu dubawa cikin ladabi. Wannan rana da ake kira juri, a wurinmu ta fi kama da ranar shari'a, ɗalibi yana tsaye yana fatan a gama, alhali a wannan ranar ce ya kamata ya fi koyon tunani.

Akwai abin da ke ci mini rai a nan. Saboda siminti shi kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar kabon da duniya ke fitarwa, makarantun Turai sun koma nazarin ginin ƙasa da katako. Suna koyar da aikin Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya gina makarantar firamare ta Gando da tubalin ƙasa ya kuma karɓi lambar Pritzker a 2022, da aikin Mariam Issoufou a Dandaji ta Nijar. Mu kuma da muke da Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 da bakan gizo na azara da ƙasa, ɗalibanmu da yawa sun fi sha'awar zana benen gilashi wanda ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki dare da rana.

Saboda haka ƙannena masu niyyar nema a waje, kada ku cika kundinku da hotunan manyan gidaje da aka fitar a kwamfuta, domin masu dubawa sun gaji da ganinsu. Ku zana gine-ginen da ke kewaye da ku, ku auna su da kanku, ku nuna ta inda iska da haske ke shiga. Ku tabbatar kwas ɗin yana cikin jerin waɗanda ARB, hukumar rajistar masu zanen gine-gine ta Birtaniya, ta amince da su, domin dokar 1997 ta hana kowa kiran kansa akitek a Birtaniya sai mai rajista da ita, kuma digirin Najeriya ba ya ba mutum wannan matsayi kai tsaye. Hukumar tana sauya ƙa'idojinta a 'yan shekarun nan, don haka ku karanta su daga shafinta kafin ku biya kuɗin makaranta, wanda na baƙo ya ninka na ɗan ƙasa, ban da kuɗin kwali da buga manyan takardu da ke fita daga aljihun ɗalibi kowane zango.

Gwajin zanen da na ambata kuwa ba ya buƙatar gini sabo ko injin daga waje. Shugaban sashe guda da majalisar jami'arsa za su iya gwada shi a kan masu nema na shekara ɗaya, su bi sakamakon waɗannan ɗalibai har su gama aji biyu, sannan su kai wa ARCON da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa abin da suka gani.